Mai Riga Ruwan Ɗorawa

Kafin in buɗe rumfar gyaran keke a Jega, na yi shekara ashirin ina dakon albasa a keke daga gonakin Aliero zuwa kasuwa. Buhu biyu a kariya ta baya, wani lokaci da ƙarami a kan sandar tsakiya. Wanda ya yi wannan aiki ya san abin da tudu ke yi wa mutum. Ya san lokacin da ƙafa ke ƙaryar gajiya, ya san lokacin da take faɗin gaskiya. Ban taɓa zaton ɗan sanin nan nawa zai kai wani bawan Allah bakin kabari ba. Amma ya kai shi, kuma da bakina aka nuna hanya.

Rumfata tana jingine da wani gidan kallon ƙwallo. Da damina, idan Turawa sun tafi hutun ƙwallo, gidan yakan zama kango. Wata shekara mai gidan ya tayar da janareta don cajin wayoyin mutane, ya bar talabijin a kunne, sai ga garken mutane a kan kekuna suna hawan wani dutse da ban taɓa ganin irinsa ba. Na leƙa sau ɗaya, na kasa komawa kan aikina. Da mai gidan ya gaji da ganina a bakin ƙofa da taya a hannu, sai ya yanka mini wata 'yar kafa a jikin langa-langan da ya raba mu, daidai idona idan ina zaune. Ina faci, ina leƙe.

Mai gidan ne ya bayyana mana yadda abin yake, don yana jin Turanci. Tsere ne na sati uku a ƙasar Faransa. Kullum a yi zango ɗaya, a rubuta wa kowa lokacinsa, a tara. Wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ke sa riga ruwan ɗorawa, kuma ana iya ƙwace ta daga jikinsa kowace rana har zuwa ranar ƙarshe. Kowane babba yana da mutanensa da ke shiga gabansa su tare masa iska. Mu kamar goma muka kamu da kallon, muka yi wa abin namu harshe. Idan wani ya finciko daga cikin garke, saura suka bi shi baki buɗe ba su kamo shi ba, sai mu ce ya tafi da su.

Kowa yana da gwaninsa. Yawanci sun bi wani ƙaƙƙarfa mai yawan miƙewa tsaye a kan feda, suna cewa shi zai ƙwace rigar idan aka shiga manyan duwatsu. Ni kuwa kafaɗa nake kallo, da baki, da dunduniya. Mutumin da kafaɗunsa suka fara rawa a tudu ya kusa ƙarewa, ko da fuskarsa na murmushi. Mai rigar yana zaune daram a sirdi, yana shan ruwa tun bai ji ƙishi ba, ba ya ɓata ko taki ɗaya. Sau uku ina cewa wane zai sare yau, kuma ya sare. Daga nan suka sa mini suna.

"Mai duba, yau wa ka gano muna?"

"Ku bari in duba tukuna," in ce da su, a yi dariya.

A lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce kowa ya riƙa rubuta sunan rana da layi biyu na abin da ya gani, don hannu ya saba. Ni ba abin da nake rubutawa sai tseren keke. Littafin yana aljihun rigata kullum, cikin leda saboda ruwa.

'Yan kabu-kabu suka ɗauki sunan nan suka kai shi ƙauyenmu, can tsakanin Jega da Maiyama. Sun kai sunan, sun bar dariyar a Jega. Abin da ya isa kunnen mutane shi ne, mai faci yana duba, sau uku yana faɗa yana tabbata. Ban san da wannan ba. Akwai kuma abu na biyu da ban sani ba. Ruwa ya cinye hanyarmu, na kwana biyu a Jega wajen ƙanena, kuma a daren Asabar an kwance wa maƙwabcina shanun huɗarsa guda biyu daga turke. Dattijo ne, ina ce masa Baba. Da waɗannan shanu yake noma gonarsa, da su yake yi wa wasu huɗa ya ciyar da gida.

Ranar Lahadi bayan azahar ina zaune, idona a kafar langa-langa, an shiga babban dutse. Na ji sallama a bayana, na gane muryar Baba ce, na amsa ba tare da na juyo ba. Ya tsuguna. Daga inda yake ba ya ganin talabijin. Abin da yake gani shi ne ni, na liƙa ido a wani rami a jikin bango, ina magana ni kaɗai.

"Mai faci," ya ce a hankali, "an ce mini kana duba."

"Haka sunka laƙaba mini, Baba."

"To ka duba wanga al'amari?"

"Ai na duba tun shekaranjiya. Na hwaɗa, ba wanda ya yarda."

"Tun shekaranjiya?" Janareta na ta ruri. "Wa yat tahi da su?"

"Mai riga ruwan ɗorawa."

"Ka tabbata?"

"Ga shi ina gani nai da idona."

"Shi ɗai?"

"A'a, da mutane nai. Su ka shiga gaba su share mai hanya, shi ya biyo baya."

"Ina sunka nuhwa?"

"Bayan dutse. In sun gangara, ba mai kama su."

Na ji ya tashi. Na ce masa ya zauna ya sha ruwa, ya tafi abinsa. Na yi zaton tsufa ne, kallon bai dame shi ba. Har na ji daɗi a raina cewa labarin tseren ya kai ƙauye.

Bayan la'asar an tashi daga kallo, ina tattara kayan aiki, wani ɗan kabu-kabu na ƙauyenmu ya tsaya ƙara iska a tayarsa. Yana ganina ya ɗaga hannu biyu.

"Mai duba! Wallahi ka yi aiki. An kama shi."

"An kama wa?"

"Ɓarawon shanun Baba mana. Bahillacen nan mai rigar ruwa. Shina ƙohwar Maigari, 'yan banga sun ɗaure shi. Saura mutane nai."

Famfon ya faɗi daga hannuna. A duk ƙauyenmu da kewayensa mutum ɗaya ne ke da riga ruwan ɗorawa. Rigar ruwa ce ta roba, ya saye ta a kasuwar Jega, kuma idan yana kiwo da damina ana hango shi tun daga nesa. Rugarsu tana gindin dutsen da ke yamma da mu, kakansa ne ya kafa ta. Ni ke gyara masa keke shekara da shekaru. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Fillo, idan ya zo sai ya ce kekensa ya fi ni hankali. Maganata da Baba ta dawo mini kalma bayan kalma. Mutanensa. Bayan dutse. Babu ko ɗaya da ba ta zauna daidai a kansa ba.

Na san abin da ake yi wa wanda aka kira ɓarawon shanu a shekarun nan. Ba a kai shi wajen hukuma. Ana tafiya da shi daji a ce ya nuna inda ya ɓoye su, a dawo babu shi.

Na roƙi ɗan kabu-kabun ya kai ni. Ya ce yana da fasinja zuwa Aliero. Na roƙi wasu biyu, suka dubi hadarin da ya haɗo a gabas, suka ce hanyarmu taɓo ce, ba za su kashe babur ba. Na nemi lambar Maigari a wayar mai gidan kallo, ba ta shiga. Sai na fizgo kekena.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba, ko ina saurayi. Inda kwalta ta ƙare na shiga laka, taya na zamewa, sarƙa na kuka. A mashigin ruwa na saɓa keken a kafaɗa na tsallaka, ruwa har gwiwa. Ƙirjina kamar an zuba barkono. Ina takawa ina lissafi: in sun fita da shi kafin in isa, ta wace hanya za su bi, kuma in na iske sun gama, me zan ce wa uwarsa. Sau biyu na hango tsuntsaye sun tashi daga wajen dutse, na ɗauka ƙarar bindiga ce ta tashe su.

Na isa rana ta yi ja. Ƙofar Maigari cike da mutane. Fillo yana zaune a ƙasa a gindin bishiyar bedi, an ɗaure hannuwansa ta baya, rigar ta yage daga kafaɗa, idonsa ɗaya ya rufe da kumburi. Yana numfashi da ƙyar, kamar kowace shaƙa tana sukansa. 'Yan banga kamar takwas suna tsaye a kansa da bindigogin toka da gora. Yana da rai. Na dafa keke.

Sai aka gan ni. Abin da ya biyo baya ya fi komai ba ni tsoro, don murna suka yi.

"Ga shi nan! Ga mai duba ya iso!"

Aka buɗe mini hanya. Mutanen da na tashi tare da su suna taɓa kafaɗata. Shugaban 'yan banga, wani dogo da muka yi dakon albasa tare da shi a da, ya kama hannuna.

"Madalla da kaz zo. Wanga ya ƙi magana. Sake duba muna, su wa da wa na mutanen nai? Sunaye muka so."

Maigari yana zaune a bakin zaure, Liman a gefensa, Baba a tsugune gabansu. Na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, kuskure na. Ni ban duba komi ba. Ban san an sace shanu ba sai ɗazu. Tseren keke nika kallo."

"Tseren mi?"

"Keke, ranka shi daɗe. Na Turawa. Cikin talabijin."

Wani ya yi dariya a baya. Baba ya juyo ya dube ni kamar na mare shi.

"Mai faci, ba kai kac ce mini kana gani nai da idonka ba? Na ga talabijin? Rami nig gani ga bango, kana leƙe kana hwaɗi."

"Ta ramin nika kallo, Baba."

"Tsoro ya kama shi," in ji dogon. "Sun aika mai. Kowa ya san aboki nai na, shi ka gyara mai keke." Ya sunkuyo kusa da kunnena. "Ko kana cikin mutanen nai?"

Na gane cewa in ban yi hankali ba, mu biyu za a tafi da mu. Sai na tuna da littafin. Na ciro shi daga leda, na ce a nan nake rubuta komai, kowa ya ji. Maigari ya ce in karanta.

Na buɗe shafin ƙarshe da na cika. Ban yi tunani ba, na ɗora yatsa na fara haɗa baƙaƙe kamar yadda aka koya mana.

"Ranar Juma'a. Na duba. Mai riga ruwan ɗorawa zai tafi da su idan an kai dutse."

Wurin ya ɗauki kabbara. "Juma'a! Tun ba a sace ba ya gani!" Wani ya kai wa Fillo gora a haƙarƙari, ya kife a ƙasa ba tare da ya yi ƙara ba. Biyu suka kama igiyar suka fara jan sa. Na ji kaina ina ihu, ban san me nake faɗa ba. Da hannuna na ƙara masa wani dutse a ka.

Maigari ya buga sandarsa a ƙasa. Tsoho ne mai magana a hankali, bai iya boko ba, amma ya iya sauraro.

"Ku sake igiyar nan. Mai faci, wanga shafi na nawa na?"

"Na goma sha wani abu, ranka shi daɗe."

"Koma na hwarko. Karanta duka. Kada ka tsallake ko layi guda."

Na koma. Karatuna a ranar lafiya ma tafiyar tsohon jaki ce, balle ranar. Kowace kalma sai na tsaya a kanta, in sake ta. "Ranar Asabar. Yau na ga mutane da yawa a kan keke a Faransa. Tayarsu siririya ce." Aka yi tsaki. Na wuce. "Ranar Lahadi. Suna cin abinci a kan keke, ba sa sauka." Na karanta ranar da ruwan sama ya kada mutum uku a kwana. Na karanta ranar da sarƙar wani ta zame, wata mota ta kawo masa sabon keke, na rubuta cewa da ni ne minti biyu ya isa. Na karanta ranar da aka cire wa wani rigar aka ba wanda nake so.

"Tsaya," in ji Maigari. "Anka cire ma wani rigar?"

"I, ranka shi daɗe. Wanda ya hi sauri shi aka ba."

Ya dubi rigar da ke jikin Fillo. Ya ce in ci gaba.

Ina cikin karatu iska ta taso, yayyafi ya fara ɗiga a kan takardar. Na kare ta da tafin hannu na ci gaba. Na lura wasu daga baya sun fara zamewa, kowa ya tuna da awakinsa a waje. Da na gane haka sai na ƙara jan karatun, ina maimaita layin da na riga na iya. Ban ɗaga kai ba, don ina tsoron in na ɗaga zan ga igiyar ta sake miƙewa.

Da na kai ƙarshe, Liman ya tambaye ni a gaban kowa ko ina duba, na ƙasa ko na wuri ko na wani abu. Na rantse ban taɓa ba, ban san yadda ake yi ba. Dogon ya ce rantsuwar mai tsoro ba rantsuwa ba ce, kuma littafi kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Ya ce a ba su mutumin, kafin isha za su dawo da shanu.

Maigari ya ce a'a. Ya ce a kwance Fillo a sa shi a ɗakin cikin zaure, shi da kansa zai riƙe mabuɗin. Gobe ƙanensa da Baba da dogon su bi ni Jega, in nuna musu wannan mai riga da idonsu. Idan sun gan shi, magana ta ƙare. Dogon ya ce to, amma idan la'asar ta yi ba su gan shi ba, ba shi zai iya riƙe yaransa ba.

Da aka ɗaga Fillo za a shiga da shi, ya dube ni da idon da ya rage. Bai ce Kaɗo ba.

Ban runtsa ba. Da safe muka kama hanya a kan babura biyu, dogon ne ya goya ni, bindigarsa ya bar ta gida amma wuƙarsa na taɓa gwiwata duk tafiyar. Mun isa Jega da hantsi. Na zaunar da su a rumfata, na nuna wa Baba ramin. Ya leƙa, duhu ne, ba a tayar da janareta ba. Ya dube ni, ya koma ya zauna. Muka yi azahar. Mai gidan kallo ya zo yana sakace haƙori, na ce masa don Allah ya kunna mana tseren yanzu.

"Wane tsere? Yau Litinin, mai duba. Hutu suka yi."

Na san da wannan. Satin da ya wuce ma sun huta ranar Litinin, har na rubuta. Tsoro ne ya share shi daga kaina.

Dogon ya yi wata dariya marar sauti. "Keke ma hutu shika yi? To. Mun gani." Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ciro wayarsa.

Na riƙe rigar mai gidan kallo da hannu biyu. Na gaya masa abin da ke faruwa cikin kalmomin da ba su fi goma ba, na ce ran mutum ne. Fuskarsa ta canza. Ya tayar da janareta, ya kunna. A tashar ana nuna wasu mutane suna ninƙaya a wani tafki mai shuɗin ruwa. Ya sauya, motoci. Ya sauya, wasu suna zaune suna surutu. Ya ce wani lokaci ranar hutu sukan maimaita na jiya, amma bai san ƙarfe nawa ba. Ƙanen Maigari ya ce wa dogon ya mayar da wayar aljihu, la'asar ba ta yi ba. Muka zauna a benci muna kallon masu ninƙaya. Ina duban inuwar ƙofa tana tsawo a ƙasa.

Abokan kallonmu suka fara shigowa ɗaya ɗaya, jin ƙarar janareta. Na farko yana ganina ya kwashe da dariya.

"Mai duba! Mutuminka ya tahi da su jiya, wallahi! Ya kwashe su kaf!"

Baba ya zabura. "Ka san shi? Wane mutum?"

"Mai riga ruwan ɗorawa mana, Baba."

"Ɗan wace ruga na?"

Mutumin ya dube shi, ya dube ni. "Ruga? Bature na, Baba. Siriri, kamar kara. Ko saniya bai taɓa taɓawa ba, in ka tambaye ni."

Dogon ya ce an shirya su ne. Amma muryarsa ta ragu. Ana cikin haka masu ninƙaya suka ɓace, aka yi tallace-tallace masu tsawo, sai ga dutsen jiya ya cika talabijin. Hanya ta naɗe shi kamar igiya, mutane maƙil a gefe suna ihu. Ga mutum huɗu masu riga iri ɗaya a jere, ga shi a bayansu, zaune daram, riga ruwan ɗorawa.

Na nuna da yatsa.

Baba ya tashi ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, don idonsa ba shi da ƙarfi. Ya daɗe a tsaye. Mutanen gaba suka janye ɗaya bayan ɗaya, mai rigar ya finciko, saura suka bi shi baki buɗe. Ɗaya daga cikin abokan kallo, wanda bai san komai ba, ya ce, "Ka gani nan, nan yat tahi da su."

"Wanga na?" Baba ya tambaye ni ba tare da ya juyo ba.

"Shi na, Baba."

"Waɗancan na mutane nai?"

"Su na."

Ya ja da baya ya zauna a ƙasa, ba a benci ba. Ya cire hularsa ya riƙe. "To shanuna hwa?" ya ce.

Dogon ya ce wannan bai wanke Bafillace ba, yana iya zama shi ne duk da haka. Ƙanen Maigari ya tambaye shi ko akwai wata shaida ban da bakin mai faci: sawu, ko wanda ya gani, ko igiya. Babu. Ya fita waje neman inda waya ke kamawa. Ina hango shi ta ƙofa yana ɗaga ta sama, yana matsawa, yana sake bugawa. Ladan ya fara kiran la'asar a masallacin kasuwa kafin ta shiga. Da na ji ya ce, "Yaya, mun gan shi, Bature na bisa keke," sai na fita bayan rumfa na yi amai.

Mun koma kafin magariba. Maigari ya buɗe ɗakin da hannunsa. Fillo bai iya miƙewa sosai ba, haƙarƙarinsa biyu sun karye, kamar yadda aka gane daga baya a asibiti. Ba wanda ya ba shi haƙuri da baki sai Maigari da Liman. Baba ya tsaya nesa, kansa a ƙasa. Mutanen rugar ba su zo ɗaukarsa ba, don tun jiya mazansu suka kwana a daji da shanunsu, suna jiran a zo musu. Sai na ɗauko kekena, na shimfiɗa buhu a kariya, aka ɗora shi. Ban hau ba, turawa na yi, ina kauce wa kowane rami, yana riƙe da sirdi yana cije leɓe.

A hanya na gaya masa duk yadda aka yi, daga ramin langa-langa har zuwa masu ninƙaya. Na ce ya yafe mini.

"Kaɗo," ya ce daga baya, "da ka juyo ka dube shi, da ka ga hawaye ga ido nai."

Gaskiya ya faɗa.

A bakin rugar uwarsa ta fito da wasu mata biyu. Suka sauke shi suka shiga da shi bukka. Na gaishe ta da ɗan Fillancin da na iya, ta dube ni ta wuce. Na tsaya riƙe da keke har na tabbata ba wanda zai ce in zauna, sannan na juya.

Shanun Baba ba a gan su ba har yau. Fillo ya warke, amma ba ya iya ɗaga abu mai nauyi. Bayan girbi rugar ta tashi gaba ɗaya, sun yi kudu, wajen da ba wanda ya san su. Kakansa yana kwance a gindin dutsen nan, su kuwa sun tafi.